Jiƙaƙƙen Buhu a Motar Buba

"Ina gajiya, bawana?"

"Tana wurin mai turin mota. Ina garke?"

Tukur ya amsa gaisuwar bai ko ɗago daga babur ɗin da yake kwancewa ba, alhali tun motar tana kwanar tasha ya hango ta. Ja ce, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, Dogon Dutsi kaf babu irinta. Shekara goma sha tara yana gyaran motocin mutane, ko taya bai taɓa mallaka ba, sai ga Buba taubashinsa, ɗan kawunsa da ya tashi a bayan shanu, ya sayar da bijimai ya taho da wannan daga Kwatano. Abin yana cin ransa ƙwarai. Ba abin da yake so irin ya riƙe sitiyarin nan ko sau ɗaya, amma ya gwammace ya haɗiye sifana da ya roƙa.

"Ba lahiya ta kawo ni ba," in ji Buba. "Da sahe tana gudu, rana na takewa sai ta yi laƙwas, ta dinga tari. Jiya hanyar Gesheme amalanken jaki ya wuce ni."

"Mota ta san mai ita. Wagga kunya taka ji, ta ga wanda ke ciki."

"Kai kuwa ta gan ka da wanga tumbi, ai sai ta mutu gaba ɗai. Buɗe kapo ka duba, aikin bawa ne."

Tukur ya buɗe murfin injin, zafi ya bugi fuskarsa, sai ya tsaya turus. Kusa da matatar iska, an naɗe wani abu da jiƙaƙƙen buhu, an ɗaure tamau da igiyar maraƙi.

"Buba, mi ne ne wanga?"

"Wani direba ya ce mini abin nan ba shi son zahi. To, haka muka sanyaya jarkar ruwa a daji tun kakanni."

Dariya ta kama Tukur har ya dafa taya. Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun ranar da motar ta shigo gari.

"Sunanshi debimetir, ɗan daji. Shi ka auna iskar da inji ka shaƙa. In zahin bututun hayaƙi ya dahe shi, sai shi yi ma inji ƙarya, mota ta rasa ƙarhi. Kai kuma ka zuba mishi ruwa cikin waya. Saura kaɗan buhun shi bushe shi kama wuta, mu samu gasasshen makiyayi."

"Da kai za ka fara kawo gishiri, don hassada."

"Ni hassada? Wagga da ko akuya ba ta ɗauka?"

"To mi ya sa tun ɗazu kake shafa ta da hannun riga?"

Tukur ya janye hannunsa da sauri, kunya ta rufe shi. Ya yar da buhun, ya busar da wayar, ya yanko fallen dalma ya lanƙwasa shi, ya kafa shi tsakanin bututun hayaƙin da debimetir, ya bar rata don iska ta ratsa. Aikin ya fita tsaf, don ko yana jin haushi hannunsa ba ya ha'inci.

"An gama. Sai dai ba a sanin gyara sai an gwada cikin rana," ya faɗa yana kallon wani wuri.

Buba ya daɗe yana kallonsa, yana murmushin mugunta, sannan ya ɗaga makulli sama.

"Har Kiyeshe mu dawo. Ni gehe zan zauna in miƙe ƙafa. Amma sai ka faɗa da bakinka wa za ka tuƙa wa."

Tun suna yara, a wasan taubasantakarsu, Tukur bai taɓa yarda ya kira Buba ubangida ba, ko ana dukansa. Ya dubi makullin, ya dubi kujerar, ya goge baƙin mai a wandonsa, dariya ta kuɓuce masa.

"Shiga, ubangidana. Allah shi isa."