Cindo da Injin Hawa Rufi

A ƙauyen Rafin Marke akwai wani mutum ana ce masa Cindo. Yana zaune da matarsa Kuluwa a gidan yayansa Bawale ɗan kwangila. Cindo ba ya ƙiwa, ba ya musu. Matsalarsa ɗaya ce: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai aikata ta.

Da damina ta matso, aka ba Bawale aikin wanke rufin babban siton da manoma ke ajiye hatsi. Kashin tantabaru da ganyaye sun toshe indararo, in ruwa ya sauka hatsin gari ya ruɓe. Rufin ya fi ƙarfin tsani, sai an yi hayar injin nan mai kwando da ke ɗaga mutum sama. Masu injin kuwa suka ce sai da inshora, kuma sai an yi wa mai hawa horo.

Wata rana Bawale ya ce, "Cindo, je birni ka yanko mana inshora." Cindo ya wasa wuƙarsa ya hau mota. Da ya isa ofishin sai ya ga ƙyalle a rataye a ƙofa, ya tambayi mai gadi me aka rubuta. Mai gadi ya ce, "Inshora." Cindo ya yanko rabi, ya naɗe, ya dawo. "Yaya, na bar musu saura, kada wasu su zo su rasa." Washegari Bawale ya tafi da kansa, da allura da zare da ban haƙuri.

Wata rana kuma aka ce Cindo ya je wurin horo. Kuluwa ta yi kuka, ta sa masa riguna uku. Da ya isa ya miƙa wa mai koyarwa, Malam Sallau, bulala, ya kwanta rub da ciki. "Ban san laifina ba, Malam, amma a yi a hankali." Da ƙyar aka fahimtar da shi cewa koyo ne ba duka ba. Da za a tashi Malam Sallau ya ce kowa ya zo gobe da hular kwano. Cindo ya zo da kwanon miyar Kuluwa a ka, kuka tana bin bayan kunnensa.

Wata rana dai injin ya iso. Malam Sallau ya riga ya gargaɗi Cindo: "Kafin ka kafa injin, ka ji ƙarfin ƙasar wurin." Cindo ya kwanta ya manna kunne a ƙasa. Hantsi ya yi, yana kwance. Mutane suka taru suna dariya, ga hadari yana haɗuwa a gabas.

Bawale ya ce, "Tashi mu yi aiki."

"Yaya, ban ji ƙarfi ba tukuna. Ƙugi kawai take yi, kamar cikin mai azumi."

Bawale ya fusata. "Ƙasar nan ce ba ta da ƙarfi?" Ya daka tsalle ya dira a wurin don ya nuna masa. Ƙasa ta burma da shi har hammata. Ashe tsohuwar rijiya ce da aka rufe da itace tun zamanin kakanni. Da a nan aka kafa injin, da ya kife da wanda ke cikin kwando.

Aka zaro Bawale, aka matsar da injin, aka wanke rufin tas kafin ruwa ya sauko.

Tun daga ranar, duk mai shirin gini a Rafin Marke sai ya kira Cindo ya saurari filin. Yakan kwanta, ya manna kunne, yawanci ma barci ne yake kwashe shi. Mai fili da magina su yi tsaye shiru, ba mai ƙarfin halin tashinsa.