Layin Dusar Gero

Ni malamin lissafi ne, Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, don haka ni aka ba tsara gasar ƙananan jiragen sama masu telekomandi, waɗanda ake tuƙawa daga ƙasa, ta sabbin shiga, a wani fako kusa da Keita. Dokata ba wuya: ka tashi, ka yi alkafura ɗaya, ka sauka kan farin layi. Da na rasa farar ƙasa, sai na ja layin da dusar gero, ina mamakin yadda ba wanda ya riga ni wannan dabara.

Idi mai gyaran rediyo ne ya fara, da jirgin da ya yi wata uku yana haɗawa. Idanunmu duka suna sama. Ko da ya juyo zai sauka, awaki sun jeru kan layin suna lasa hankali kwance. Ya kauce musu, jirgin ya faɗa cikin ƙaya.

Idi ya tsinci fiffike ɗaya, ya dube ni. "Mushe, mi dokarka ta ce kan awaki?"

Wallahi sai da na buɗe takardar na duba.

Har yau, in awaki suka gitta gabana a kasuwa, sai wani ya ce, "Ku matsa, jirgin Mushe zai sauka."