Dolen Lauratu

Allah ya yi wa Ajingi gata da ya ba ta Lauratu, matar Malam Datti malamin gona. Kafin ita, mutanen garin nan zaune suke cikin duhu, suna ajiye kofi a kan tebur tsirara, ko kunya ba sa ji.

Ɗan zaman jinya ta je yi Kano a shekarar da aka canja kuɗi, ta dawo da kwarashi, da ƙullin farin zare, da kalma guda ta Turanci: doili. Wata 'yar saƙa ce zagayayya mai huji-huji, ba ta rufe tuwo, ba ta tace koko, ado kawai. Bakin mutanen Ajingi bai iya lanƙwasa sunan ba, sai suka ce "dole". Suka kuwa yi daidai, don ta zama dole a gidan Malam Datti. Rediyo da dolensa, randa da dolenta, har sirdin keken maigida bai tsira ba. Bawan Allah in ya shigo ɗaki ba ya daɗewa a zaune, tsoron kada a shimfiɗa masa ɗaya a ka.

"Ku fahimta, Yaya Hure," take ce wa maƙwabciyarta, tana kaɗa kwarashi kamar sandar mulki, "wayewa ba a baki take ba. A kan tebur take. Mu da muka zauna birni mun san wannan."

Sai labari ya zo cewa wata jami'a za ta taso daga Kano ta zo Ajingi duba aikin hannu, don ta zaɓi malamar ajin saƙa na matan Gaya. Lauratu ta sa wa ranta kujerar nan har ta fara amsa sunan Malama tun kafin a kira ta.

Abu ɗaya ya dame ta: nata dolen laƙwas yake, na birni kuwa a sandare. Ta tuna ta ji an ce ruwan sukari ne sirrin. Tambaya kuwa ƙasƙanci ce ga mai ilimi irinta. Ta juye sukarin shayin Malam Datti kaf, ta dama shi kamar za a yi alewa, ta tsoma babban dolenta, ta shanya, ta shimfiɗa a tebur ta ja ƙofa.

Washegari jami'a ta iso, dattijuwa mai tabarau. Matan unguwa suka cika tsakar gida. Lauratu ta buɗe ɗaki tana kallon rufi, don gwani ba ya duban aikinsa.

Baƙuwa ta sunkuya. "Kai, madalla! Wannan baƙin adon da kika bi gefe da shi fa?"

Lauratu ba ta san da wani baƙin ado ba, amma yabo ba abin mayarwa ba ne.

"Ranki ya daɗe, ƙirƙirata ce. Ko a Ingila ba su kai nan ba tukuna."

Jami'a ta ɗaga dole da hannu biyu don mata su gani. Nan take ado ya motsa. Ya bi yatsunta, ya haye damtse, ya shige hannun riga. Kiyashi ne, gari guda. Baiwar Allah ta yi wurgi da tabarau, ta fita tana kakkaɓe jiki da wata irin rawa da Ajingi ba ta taɓa gani ba, ba ta tsaya ba sai cikin mota.

Kujerar Gaya dai wata aka ba. Amma kada a rage wa Lauratu haƙƙinta: ajinta ya cika maƙil ran nan, sai dai ɗaliban duka masu ƙafa shida ne.