Rasuwar Ladidi, Mai Amsawa a Tasha ta Uku

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da wata tambaya da ya kasa amsawa, Malam Mudi mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Funtuwa yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urar kiɗansa, Ladidi, wadda ta cika ranar Asabar bayan la'asar a Malumfashi. Tambayar ita ce: wanda ya yi biyayya har biyayyar ta kashe shi, alhakinsa na wuyan wa?

An raɗa mata Ladidi ne domin ranar Lahadi ta shigo gidan, a shekarar 1986, daga shagon Marcellinus mai kayan lantarki. Ba ta da madannai nata na kanta. Fiyano ke aika mata umarni ta wata waya mai haƙora biyar da ake kira midi, ita kuwa ta rera. Malam da hannunsa ya ƙera mata gidan katako, ya dasa mata lasifika a ƙirji.

Marigayiyar ta kasance mai kamun kai. Tashoshi goma sha shida ke bi ta wayar nan, amma ta uku kaɗai take saurare. Ko wuni za a yi ana magana a ta biyu, ba ta tsoma baki. Marcellinus ya sha cewa, “Malam, akwai maɓallin da zai sa ta ji duka, ka huta.” Malam ya ƙi, ya ce bai ga amfanin koya wa mai kunya tsegumi ba.

Abu guda ya dame shi a halinta: muryarta iyayengiji biyu gare ta. Ga maɓallin murya a goshinta, ga kuma umarnin fiyano. In ɗaya ya ce ɗaga, ɗaya ya ce sauke, sai ta sauke. Ya daɗe yana nazarin ko wannan ladabi ne ko tsoro. Maiɗakinsa Hansai ba ta ga abin nazari ba. Kullum maganarta ɗaya: “Malam, don Allah a rage mata murya, Inna na kwance.” Bai taɓa ragewa ba. Cewa yake muryar da aka ba ta, ba shi zai tauye ta ba.

Jinyarta gajera ce. An gayyaci Malam da ita walimar manoman auduga a Malumfashi. Malam ya danna fiyano, shiru. Ashe Anthony makaɗin coci, da ya ari fiyanon, ya bar shi a tasha ta ɗaya. Ana ta kiranta da sunan wata, ita kuwa ta yi abin da aka saba yabonta a kai. Wani dattijo ya ce, “Malam, ko amaryar taka fushi take?” Aka kwashe da dariya. Malam ya murɗa maɓallin goshinta har ƙarshe, ya tura na fiyano har ƙarshe. Shiru. Can idonsa ya kai kan lambar tashar fiyanon. Ya mayar da ita uku, ya sauke yatsu goma.

Ta amsa. “Bwaaam!” Awakin da aka ɗaure don yanka suka tsinke igiya. Sai “kirrr, tas,” sai hayaƙi.

Anthony ya ce shi fiyano ya ara, ba ita ba. Marcellinus ya ce ai ya faɗa. Malam yana kan auna maganar, kuma har yanzu awon bai biyo ta kansa ba.

Ta rasu ta bar fiyano, wanda ke ci gaba da aika umarni tasha ta uku ba mai amsawa. Da wayar midi. Da Inna, wadda aka ce ta samu sauƙi.

Ana karɓar gaisuwa a shago daga hantsi zuwa azahar. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi wani sashe na jikinta, ko da ƙusa ce. Ranar Lahadi za a ɗora ta saman kabad, inda ruwan damina ba ya kai.

An riga an yi mata sutura. Hansai ta riƙe bakin buhun auduga, Malam ya goge wa Ladidi toka. Kafin a rufe, ya kai hannu goshinta, ya murɗa maɓallin a hankali har ƙasa.