Injiniya Baƙin Allo da Irin Fammar

Duk ƙasar Rano da Kibiya, in ana zancen kwamfuta, babu na biyun Injiniya Salahuddeen. Shi da kansa ya faɗa, kuma ba a taɓa jin ya janye ba. Ba ya taɓa linzamin kwamfuta, wai kayan 'yan koyo ne. Shi dai baƙin allon nan da ake rubuta wa na'ura umarni da hannu. Har 'yan acaɓa suka raɗa masa Baƙin Allo, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Ƙungiyar manoman garin Fammar tana da manhajar da Malama Jumai ta rubuta musu, mai tace sunayen waɗanda za a ba sabon irin masara. Da aka yi wa Malama canjin makaranta zuwa Kahu, shugaban ƙungiya Alhaji Habu ya ɗauko Injiniya. Sharaɗin ɗaya ne: sunaye su isa ofishin gona kafin azahar ɗin Alhamis, in ba haka ba bana babu iri.

Ran Litinin ya iso cikin kwat, ana tsakiyar bazara. Aikinsa na farko, ya manna hotonsa a gefen kwamfutar, kan wata 'yar takarda da ya tarar a wurin. Sai lacca.

"Alhaji, kowace manhaja da nata keɓaɓɓen muhalli, kamar rumbu. Kayan aikinta duk suna ciki. Sai ka buɗe rumbun tukuna za ta yi aiki. Jahilai ne ke mantawa."

Gaskiya ya faɗa, tsakani da Allah. Sannan ya zauna, ya miƙe yatsu, ya ba manhaja umarni, rumbu kuwa a rufe. Allo ya ce bai ga kayan aiki ba.

Injiniya ya ce sabis ne. Talata ya ce solar ɗin ƙungiya ba ta kai matsayinsa ba. Laraba ya yi ta sauke kayan aiki daga intanet barkatai, sababbi kan tsofaffi. Hankalin Alhaji Habu ya tashi, ya ce ko dai a kira Malama.

"Haba Alhaji! Ni za a kira wa malamar firamare?"

Girman kai dai rawanin tsiya, kuma Injiniya ya iya naɗi.

Sai Alhamis da la'asar Alhaji ya gaji ya aika aka ɗauko ta. Ta gaishe su, ta ɓare hoton, ta kwafi layi ɗaya na buɗe rumbu da ta bari a takardar da hoton ya rufe. Sunan muhallin ya bayyana a farkon layi, alamar rumbu ya buɗe. Ta sake ba da umarni, sunaye ɗari biyu da sha huɗu suka zubo. Ofishin gona kuwa tun azahar aka rufe rajista.

"Abin da nake shirin yi ke nan," in ji Injiniya.

Alhaji Habu ya miƙe. Ya ɗauki hoton, ya share masa ƙura da bakin riga, ya manna shi a ƙofar ofis. Ya ce a bar shi nan, duk manomin da ya zo tambayar irinsa a nuna masa.