Jar Kujerata Ta Rasu a Bakin Aiki

Da zuciya cike da baƙin cikin da ya hana ni zama, don wurin zaman ma babu, ni dillalin kayan gwanjo na shagon kan kwana, a madadin kaina da bayana da gwiwoyina, nake sanar da 'yan uwa da abokan ciniki da maƙwabta, har da waɗanda ba sa gaishe ni, rasuwar jar kujerata. Ta cika da hantsi a bayan shago, bayan doguwar jinya. Ta rasu tana ɗauke da wani, kamar yadda ta saba duk tsawon rayuwarta.

Marigayiya 'yar babban gida ce. A wani otal da ya karye na same ta, ranar da ake gwanjon kayansa. Katakonta na gaske ne, irin na zamanin da kafinta ke jin kunya, jikinta kuma jan karan-miski. Don in sayar na saye ta. Na ɗan zauna a kanta kafin motar kaya ta iso, shi ke nan ta fita daga sahun kayan sayarwa. An sha taya ta, ban taɓa sallamawa ba. Duk wanda ya kawo mini firiji ko gado ya iske ni a cikinta, shi yana tsaye, rabin farashin da ya ƙulla tun daga gida yakan zube kafin ya buɗe baki.

Ba ta da surutu. In na zauna takan ce “fuuu”, wato sannu da zuwa. In na juya don in ƙi tayin banza ta ce “ƙiiƙ”. Iyakar maganarta ke nan, amma ta fi mutane da yawa faɗin abin da ke da amfani.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga Auta, 'yata ta ƙarshe. Sana'arta haɗa bidiyon biki a kwamfuta, kuma ta ƙware, don na ga ta mayar da ango mai fuskar bashi ya koma kamar mai kamfani. A bayan shagonmu akwai lungu mai bola, inda karnuka da kyanwoyi marasa gida ke kwana. Sai Auta ta buɗe musu shafi a intanet, tana ɗaukar su hoto a kan bolar tana ɗorawa, wai ko wani zai ɗauki ɗaya. Wata guda, ko mai tambaya babu.

Ta zo ta ce, “Baba, mutane ba su da tausayi.”

Na ce, “Tausayi suna da shi, ido ne ba su da shi. Kin taɓa ganin na ajiye agogon bango a bakin kwata na ce a taya? Ki goge kayanki, ki ɗora su a wuri mai daraja.”

Ta dube ni, ta dubi abin da nake zaune a kai, ta ce, “To Baba, ɗan tashi.”

Shawarar mai kyau ce, har gobe ina kan bakana. Kujerar ce dai ba a tambaya ba.

Daga ranar marigayiya ta shiga aikin agaji. A wanke dabba da sabulu, likitan dabbobi ya yi mata allura, a ɗora ta a kan karan-miskina. Auta ta kunna wata fitila mai kama da zobe, ta kwanta rub da ciki a ƙasa don idon wayarta ya daidaita da idon kyanwa. Ta yanke inda aka yi soshe-soshe, ta bar inda aka yi hamma, ta sa wani kiɗa mai sanyi a ƙasa. Sai ga motoci a ƙofar shago. Mutanen da suka shekara suna wuce waɗannan dabbobi suna toshe hanci, su ne ke rigima a kan wanda ya fara yin waya.

A nan ya wajaba in ambaci maƙwabcina mai kemis. Akwai wata kyanwa ruwan toka da yake watsa wa ruwan goge-goge kowace safiya. Da ya gan ta a waya, zaune a kan jar kujera, sai ya zo har da matarsa. Ya ce, “Dattijo, wannan irin ƙasar waje ce, daga zamanta za ka gane.” Na ce ƙwarai. Kyanwar ta gane shi, ta tayar da gashi ta hura masa. Ya ce wa matarsa, “Kin gani ko? 'Yan asali ba sa sabo da wuri.” Yanzu a kan gadonsa take kwana. Ban taɓa faɗa masa ba, a nan zai karanta, kuma ina yi masa ta'aziyya shi ma.

Haka marigayiya ta yi ta aurar da 'ya'yan bola zuwa gidajen masu hali, jikinta yana biya. Farce ya fara da hannunta na dama. Soso ya leƙo. Kwiyakwiyai suka yi mata abin da ba a faɗa a takardar ta'aziyya. Ƙuma ta tare a cikinta da iyalanta, har mai ɗakina ta kafa dokar cewa wandon da ya zauna a shago ba zai wuce ƙofar falo ba. Ƙafar baya ta cire, muka tallafe ta da bulo. Mai gyaran kushin ya zo ya duba ta, ya latsa nan ya latsa can, ya girgiza kai ya ce a bar ta ta huta. Amma a hoto kullum amarya take, don Auta na toshe ramukan a kwamfuta. Masu tambayar kuɗin kujerar sun fi masu tambayar karnuka yawa.

Sai hukumar tsafta ta ba da sanarwa cewa motarta za ta zagayo ta kwashe duk karen da ba shi da mai shi. Kowa ya san wanda ya shiga motar nan ba ya dawowa. Lokacin saura karya ɗaya a lungu, wadda 'yan layi ke kira Gurguwa. Tsohuwa ce, kunne ɗaya da rabi, haƙoranta ba su cika hannu ba, kuma ita ta haifi yawancin kwiyakwiyan da ke yawo a kujerun bayan motocin masu hali yanzu. Auta ta bar ta a ƙarshe ne don ta gaji ubanta, ta san tsohon kaya ba ya tafiya.

Aka wanke Gurguwa, aka kunna fitila. Ta ja ƙafa ta hau. Marigayiya ta ce “fuuu”. Ta ce “ƙiiƙ”, a hankali, ba irin na ciniki ba. Sannan ta ce “ɓaras”, kalmar da ban taɓa ji a bakinta ba, kuma ita ce ta ƙarshe. Gurguwa ko gezau. Ta gyara kwanciya a cikin tarkacen, ta ɗora haɓa a kan karyayyen hannun, ta kama barci. Wayar Auta na ɗauka.

Bidiyon ya zaga duniya. Ina godiya ga dubban da suka aiko da ɗan hoton fuska mai hawaye. Ina godiya ga wanda ya rubuta cewa ya kasa cin abinci, da wanda ya zage mu daga wata ƙasa don ba mu saya wa karya katifa ba. Godiya ta musamman ga baiwar Allah da ta zo da kanta, ta rungumi Gurguwa aka ɗauke su hoto, ta fesa turare a hannu ta koma mota. A cikinku duka babu wanda ya ce a ba shi ita.

Motar hukuma ta zo jiya. Ma'aikacin ya leƙa bayan shago da igiya a hannu, ya ce, “Karyar nan ta waye?”

Auta ta zuba mini ido.

Na ce, “Mai gadin shagona ce.”

Ya dubi bakinta, ya ce, “Wannan, Baba?”

“Ita. Ka ji an yi mini sata tun da ta kama aiki?”

“Yaushe ta kama?”

Na ce, “Yanzu.”

Na yanki ƙyallen karan-miski daga bayan marigayiya na ɗaura mata a wuya, yana tsaye yana kallo. Ya naɗe igiyarsa ya tafi.

Marigayiya ta rasu ta bar karnuka da kyanwoyi masu yawa a manyan gidaje, ko ɗaya bai leƙo ba. Ta bar Auta da fitilarta, da bulo guda, da ni, wanda yanzu ke ciniki a kan bokitin fenti, masu kawo kaya suna kallona daga sama suna faɗin farashin da suka ga dama.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a bayan shago. Kafinta ne zai zare ƙusoshi, katakon kuma ba na sayarwa ba ne, kada mai neman itacen girki ya wahalar da kansa. Kushin ya zama gadon Gurguwa, ta riga ta tare. Za a karɓi gaisuwa a tsaye. Ba a karɓar ta'aziyya ta waya, hawayen da ke ciki ya ishe mu. Wanda abin ya taɓa da gaske ya zo da ƙafarsa, akwai 'yan kyanwoyi a kwali da aka tsinto shekaranjiya, ya tafi da ɗaya.

In kuma wani ya yi niyyar kawo mini wata kujera, don Allah ta roba ce, mummuna, wadda ba ta kyau a hoto. Na tsufa, ba zan iya sake jin “Baba, ɗan tashi” ba.