Ranar da Kwamfutata Ta Hau Talabijin

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da Ghana ta buga wasanta a gasar kofin duniya, duk da cewa ko bugu ɗaya ban gani ba.

A Al Wukair muke zaune, a ƙasar Larabawan da ake yin gasar. Abba ya saya mini kwamfuta ne lokacin korona, da makaranta ta dawo falonmu, kuma da sharaɗi ya miƙo mini ita. Karatu kawai. "Ranar da na ga shirme a ciki, khalas, kin rabu da ita." Abba ba ya maimaita magana.

A zangon nan malamar Turanci ta ce kowa ya yi rubutu kan yadda talakawan Landan suke magana a zamanin da. 'Yan ajinmu suka ɗauki kalmomin 'yan kasuwa da na masu jirgin ruwa. Ni kuwa (ni da sai na yi gwaji a zuci kafin in ce wa baƙo sannu) na faɗa wani tsohon ƙamus a intanet, na maƙale a sashen mata masu zaman kansu. Sunaye rututu. Gidan magajiya su kira shi makaranta, ko gidan sistocin coci, magajiyar kuma shugabar sistoci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk laƙabin ba'a ne, babu sunan mace ko ɗaya na gaskiya. Na fara rubutu a kai a ɓoye, ko Umma ban gaya wa ba.

Ranar wasan falo ya cika. Maƙwabcinmu Kawu Issaka, mutumin Kumasi, ya zo da tuta a wuya da abokansa. Anti Rifkatu, nas 'yar Jos mai aiki asibiti ɗaya da Umma, ta zo da kular alale. Ana shirin take wasa sai hoton talabijin ya daskare.

"Mamana, ɗauko kwamfutarki a jona," in ji Abba. "Yalla, da sauri."

Na ɗauko, na tsuguna a gaban kowa, na cusa wayar. Na manta abin da na bari a buɗe.

Talabijin ɗinmu ba ƙarama ba ce. Kan shafin ya fito ɓaro-ɓaro, ga zanen wata ƙatuwar mata da hula a bakin ƙofa, riƙe da kyandir. Shi kuma Kawu Issaka yana da wata ɗabi'a: duk rubutun da idonsa ya sauka a kai sai ya karanta da ƙarfi, ko allon titi ne, ya kuma fassara wa jama'a ko ba a tambaye shi ba.

"Tsofaffin sunayen gidan ka..." Ya tsaya. Ya gyara tabarau. "Alhaji, wannan wace tasha ce?"

Na kai hannu in rufe, garin sauri sai na ƙara wa rubutun girma.

"Gidan sistoci?" Anti Rifkatu ta dafe ƙirji. "Mu kuma me muka yi wa Turawan nan? Su fa suka kawo mana sistocin!"

Wani ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Ni dai zanen kafet nake kallo, har yau zan iya zana furen wurin. Abba ya taso, ya rufe shafin da kansa, ya nemo wasan. Bai kalle ni ba. Na shige ɗaki, ina jin ihunsu ta bango, ina yi wa kwamfutata bankwana.

Bayan sun watse Abba ya kira ni. Kwamfutar tana kan cinyarsa, Umma na gefe tana tattara kofuna a hankali, yadda take yi in tana son jin magana.

"Yi mini bayani."

Na matso kusa da shi. Sai na buɗe masa rubutun, na tura gabansa. Ya karanta, bakinsa na motsi. Ya kai wurin da na ce yawancin matan nan yunwa ce ta kai su, amma masu zuwa wurinsu su ne suka zauna suna ƙirƙiro musu sunan dariya. Ya daɗe a nan.

"Ke kika rubuta wannan?"

Na gyaɗa kai.

"Mu ma haka muke," in ji Umma, ba ta ɗago ba. "Ita macen muna da sunaye goma da muke kiranta. Shi kuwa mai zuwa wurinta sunansa Alhaji."

"Ban da wannan Alhajin dai," in ji Abba da sauri.

Umma ta yi dariya har ta ajiye kofunan. Ya miƙo mini kwamfutar. "Sakin layi na biyu ya yi tsawo, ki rage. Kuma gobe ke za ki kai wa Rifkatu kularta."

Wannan ne hukuncin, kuma ya fi ƙwace kwamfutar zafi. Anti Rifkatu tana buɗe ƙofa ta rusuna mini har ƙasa. "Maraba da farfesa! Yau wane suna aka samo mana?" Ta cika kular da cincin, ta ce in na gama rubutun in kawo mata ta karanta.

Kawu Issaka kuwa har yau in ya gan ni da kwamfuta sai ya cire tabarau ya sa a aljihu.

Abin da na koya: yin shiru ba ya ɓoye mutum. Shekara da shekaru ina lallaɓawa kada a lura da ni, rana ɗaya aka haska abin da ke kaina a bango. Yanzu kafin in jona kowace waya, sai na rufe komai, na sake dubawa, sannan in tambaya ko Kawu Issaka yana kusa.